Baba Bai Taɓa Kashe wa Sani Talabijin Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, har yau 'yan Tudun Wada na cewa shi ya sangarta ƙanena Sani da talabijin. Ba su san komai ba.

Sani ba ya kallon idon mutum, maganarsa ma sai jefi-jefi. An ce iska ce, an yi hayaƙi har an gaji. Daga baya wata malamar asibiti ta kira abin galahanga. Baba bai damu da sunan ba. Abin da ya lura shi ne, in aka ɗauke wuta Sani na tsakiyar kallo, sai ya yi ta buga kansa da bango, amma in ya san ƙarshe na zuwa, lafiya lau.

Saboda haka Baba ba ya taɓa makunnin. Talabijin ɗinmu mai ƙofar katako ce. In la'asar ta yi sanyi, sai ya ajiye takalman Sani a gabansa ya zauna. Wani lokaci zaman ya yi tsawo har in ji kamar in fizge wayar. Can Sani zai tashi ya ja ƙofar talabijin ɗin da kansa, su fita bakin layin dogo, su dawo kafin magariba.

Yanzu Yaya Bala ya kawo bidiyo daga Maitumbi. Kaset ya ƙare, a mayar da shi farko. Kowa na murna gida ya yi shiru. Ni kuwa na ga Sani ya daina leƙa ƙofar gida, tuwo na sandarewa a gefensa, sunana da yake kira ma ya bari. Da na yi magana, Yaya ya ce, “Ke Rabi, ba ya damun kowa. Me kike nema kuma?”

Da Baba na nan, na san ba zai yi musu ba, kujera zai jawo. Ni ban gaji wannan ba, faɗa ya fi mini sauƙi. Amma duk gidan nan ni kaɗai nake tuna yadda yake yi, in na manta, shi ke nan.

Na gaya wa mai shagon ɗinkinmu daga gobe da la'asar zan riƙa tashi. Ta ce za ta rage mini aiki da kuɗi. Na ce ta rage.