Azumin Maman Suhail Bayan Tiyata

Shagona na jikin na Zubaidatu a layin 'yan atamfa na kasuwar Sabon Gari, kuma tun kafin ta haifi Suhail muke tare. Ni coci nake zuwa, ita kuwa ba ta wasa da salla, amma hakan bai taɓa hana mu cin abinci a kwano ɗaya ba. Mace ce mai baki, mai sakin hannu. Ƙiba ce kawai ta sa ta a gaba. Masu keke daga Samaru in sun hango ta sai su kau da kai, ta wanke su tas tana dariya, ta iso shago tana haki. Da ciwon suga ya shigo, gwiwoyi suka fara ƙin ɗaukarta, dariyar ta ragu.

Bara ta ce wa mutane za ta Masar saro kaya. Ni da mijinta, Malam Zailani, kaɗai muka san tiyata ta je aka yi mata, aka rage mata tumbi. Likitan can ya ja mata kunne sosai. Ya ce yanzu tumbin ko kofin shayi ba ya ɗauka a lokaci guda, saboda haka ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan daga safe har dare. In ta yi sake jiki ya bushe, ƙoda ce za ta ji a jikinta, tsakuwa ma na iya fito mata a ƙodar.

Ta rame, ta yi kyau, suga ya sauka. Tsofaffin zannuwanta sai ta naɗe su kusan sau biyu. Na taya ta murna har zuciyata. Sai azumi ya zo a tsakiyar zafi, ranar farko na ga babu gorar ruwan da ba ta rabuwa da ita.

Na ce, "Maman Suhail, ki tambayi malami mana. Ni da ba addinina ba ma na san an yi wa mara lafiya sauƙi."

Ta ce, "Maman Othniel, in sha azumi in ce me? Duk layin nan gani suke na fi da lafiya. Su ga gora a hannuna, gobe a ce Zubaidatu ta je an yanke mata ciki don kwalliya."

Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganganu, ta share ni. Mijinta ma ya yi nasa ya gaji. Da sahur kowa na cika cikinsa da ruwa, ita kurɓa kaɗan ta ƙoshi, in ta matsa sai amai. Haka za ta wuni ƙarƙashin rufin kwano, leɓe a tsage.

A kasuwa in mace za ta zaga bayi, maƙwabciya take bar wa shago. Da can ta ishe ni da "duba min shago". Sai na lura ta daina kirana gaba ɗaya, tun safe har mu tashi ko fitsari ba ta zuwa yi. A nan tsoro ya kama ni.

Wata rana tana auna wa wata yadi ta dafe kwiɓinta, ta durƙushe, gumi na zuba. Muka kai ta asibiti a Shika. Likitar, Dakta Modupe, ta tambaya ko an taɓa yi mata wani aiki. Malam Zailani ya tsaya kallon matarsa, ni kuwa na faɗa, ko za ta yi fushi da ni har abada.

Bayan gwaji likitar ta ce tsakuwa ta toshe hanyar ƙoda ɗaya, ɗayar kuma rashin ruwa ya galabaitar da ita. Za su buɗe hanyar, su ƙara mata ruwa, su jira. In fitsari ya dawo, an auna arziki. In bai dawo ba, sai wankin ƙoda, kuma ba ta iya cewa na ɗan lokaci ne ko na dindindin.

Washegari na same ta kwance, an rataye ledar fitsari a gefen gado inda ba ta iya gani. Ba ta yi min faɗa ba. Ta kama hannuna, nata ya yi sanyi.

"Jemimah, leƙa min don Allah. Ya ƙaru?"

Na sunkuya na leƙa. Yana nan inda ma'aikaciyar jinya ta ja layi a jikin ledar da safe. Na daɗe a sunkuye, ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.