Takalman Malam Sanda

A Unguwar Shanu, in ka ce Malam Sanda sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Sanda mai sau-ciki, kowa zai nuna maka gidan. Shekara talatin da biyar ya yi yana masinja a wata ma'aikatar gwamnati, yana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kuma ba a taɓa ganin ƙura a takalminsa ba. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma baƙin takalminsa sau-ciki kullum yana sheƙi. Yakan ce masinja ba shi da tebur, ba shi da kujera, mutuncinsa a ƙafarsa yake. Ko bayan ya yi ritaya, kowace safiya sai ya fito da buroshi da mai ya zauna a bakin ƙofa.

Da ciwo ya tashi zuwa, sai ya bi ta inda ya fi yi masa zafi. Ƙafafunsa suka kumbura suntum, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ta ce zuciyarsa ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikinsa. Cikin magungunan da ta rubuta akwai 'yar ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari, ɗaya kowace safiya, da wata babba mai mayar da wani sinadari da fitsarin ke kwashewa, fotashiyam sunansa. Ta ja masa kunne cewa biyun nan tare suke tafiya. Tun daga ranar sau-ciki ya koma ƙarƙashin gado, Malam Sanda ya koma jan silifas.

Matarsa Sa'adatu ce ta ɗauki riƙon maganin. Ba ta yi boko ba, amma ta san kowace ƙwaya da kamanninta. A cikin wani gwangwanin alewa take ajiye su, kuma shekara biyu ba ta taɓa saɓa lokaci ba.

Ana nan sai ƙaninsa Ya'u ya zo da magana. Ɗan Ya'un, Khalid, ya ga yarinya a unguwar Malali, kuma tunda uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, Malam Sanda ne zai shige gaba. Da ya ji sunan uban yarinyar sai ya gane shi. Tsohon darakta ne, mutumin da ya yi shekara tara yana kai wa fayil. To, a ce ya shiga gidan nan da silifas na roba kamar mai zuwa banɗaki? Ai da wannan gara a ce ba ya gari.

Saura kwana takwas. Dattijo da furfurarsa ya koma satar magani a ɗakinsa. Da Sa'adatu ta shiga kicin sai ya buɗe gwangwani ya haɗiye ƙananan guda biyu, ƙari a kan wadda ta ba shi. Babbar kuwa, da yake tana tayar masa da zuciya kuma ba ta rage kumburi, sai ya riƙa zura ta a aljihun babbar rigarsa da ke rataye. Jikinsa bai ɓoye masa ba. Ƙwaurinsa ya riƙa ɗaurewa, buta ma ta yi masa nauyi, zuciyarsa ta buga uku ta tsaya, sannan ta zabura. Ya ce gajiya ce. Ranar Alhamis ƙafa ta shige takalmi, ya yi murmushi shi kaɗai.

Ranar Asabar bayan la'asar suka isa Malali. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba duk kwanakin nan shi ne ya tarye shi a bakin falo: kowa ya tuɓe takalminsa. Nasa ma ya tuɓe, suka shige cikin tarin takalman mutane, ko kallo ba wanda ya yi musu. Aka gaisa, aka zauna. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kawo su, sai ƙirjinsa ya hau dakan uku-uku, falon ya juya. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

A asibiti ya farfaɗo, da ƙarin ruwa a hannu da wayoyi a ƙirji. Washegari da safe likita ta zo da takardar gwajin jini. Ta ce fotashiyam ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya rikita bugun zuciyar, kuma ga zuciya mai rauni irin tasa wannan kan iya zama ajali nan take. Ta tambaya, "Wa ke ba shi magani?"

Babbar 'yarsa Zuwaira, malamar makaranta ce, ta riga ta duba gwangwanin ta ga ƙananan sun yi giɓi. Ta juya kan uwarta. "Mama, sau nawa na ce ki bari a rubuta miki? Kin kusa kashe mana uba!"

Sa'adatu ba ta ko kama sunan 'yar farinta, balle ta yi musu da ita a gaban mutane. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wataƙila ni ce na rikice."

Malam Sanda yana ji. Ya rufe ido kamar mai barci, kunya tana cinsa har ƙashi. Ya yi wunin nan bai ce uffan ba, yana kallon matar da ke ba shi kunu a baki, ga 'yan dubiya suna yi mata wani irin kallo. Tsuntsun da ya ja ruwa yana kwance a inuwa, ruwan yana dukan wata.

Kwana na uku Zuwaira ta yanke hukunci. In an sallame shi, gidanta na Badarawa zai koma, ita za ta riƙe magani. Ta miƙa hannu, Sa'adatu ta ciro gwangwanin daga jaka ta ba ta da hannu biyu. Nan ne abin ya fi ƙarfinsa.

"Mayar mata da kayanta," in ji shi. Ya faɗi komai a gaban likita da Ya'u da Zuwaira: satar ƙwaya, ɓoye babbar, da dalilin. Da ya zo kan takalmi sai da ya kau da fuska, don shi kansa ya ji yadda maganar take a kunne. Zuwaira ta durƙusa gaban uwarta tana kuka.

Da ɗakin ya rage su biyu, Sa'adatu ta kwance haɓar mayafinta. Manyan ƙwayoyi takwas ne a ƙulle.

"Tun ranar da aka kawo ka na gan su, da nake ninke rigarka."

"To, me ya hana ki faɗa?"

Ta mayar da ƙullin, ta gyara masa bargo a ƙafa. "A gaban 'yarka, Malam?"