Igiyar da Inna Yalwa Ba Ta Gani Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Habibu mai gyaran talabijin na Sheshe, Allah ya jiƙansa. Har yau in na bi ta filin da ke bayan gidanmu sai na ɗaga kai na dubi ƙusoshin da ya kafa a jikin katanga. Sun yi tsatsa, amma ba wanda ya cire su.

A jikinsu yake rataya farin yadi duk shekara bayan Babbar Sallah, ya yi wa unguwa makon majigi kyauta. Maza su shimfiɗa tabarmi a gaba, mu mata mu jeru a baya da kujerunmu na tsuguno. Yaya Habibu ba ya sakar wa mutane fim ya koma gefe. Yana tsaye da lasifika, yana fassara, yana bayani, inda bai gane ba ya ƙara gishiri. Ni ƙanwarsa ce, na san lokacin da yake zuba, amma ban taɓa tona masa asiri ba.

A majiginsa na ƙarshe ya kawo wani faifai da abokinsa ya aiko masa daga Legas. Samari ne baƙaƙe kamar namu, suna tsaye a kan falanki, teku na ɗaga su tana gudu da su. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, sai kowa ya ƙura wa yadin ido. Yaya ya ce, "Jama'a ku duba, yanzu zai hau igiyar ruwa!"

Can sai Inna Yalwa, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin lungunmu, ta ɗaga murya. "Habibu, ni fa na zuba ido, ban ga igiyar ba. A ina aka ɗaure ta?"

Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa daga benci. Shi kuwa ya ce, "Inna, wannan igiyar ba a ɗaure ta, ba a kuma riƙe ta. Hawa ake yi, in an iya."

Mun ji farkon maganar, ba mu ji ƙarshenta ba. Kafin makon ya ƙare, samarin unguwa suka ciro ƙyauren wani kango suka nufi kududdufi da shi, wai su ma za su yi hawa. Kududdufi ba igiya, su kuma ba iyo. Ƙyauren ya kife da Nura ɗan maƙwabtanmu, sai da ƙyar wani magini ya tsamo shi, cikinsa cike da ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Dattawa suka zauna da mai unguwa, aka ce majigi ya ƙare a filin nan.

Yaya bai yi musu da su ba, amma abin ya ci shi. Ya ce da ni, "Yaranmu sun tashi a bakin ruwa ba su iya iyo ba, wannan ne ciwon. An bar jaki ana dukan taiki." Ya yi niyyar komawa wurinsu in zukata sun huce. Ciwon ajali ya riga shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An cike kududdufin an yi shaguna a kai. Tekun da muka taru muka kalla baki buɗe, yanzu tana cikin wayar kowane yaro, yana kallo shi kaɗai a zaure, ba wanda zai ce masa "in an iya". Daminar bara na ga ɗaliban makarantar da nake koyarwa suna nuna wa juna hoton kansu, suna tsalle cikin wani ramin ɗibar ƙasa a bayan gari, suna kwaikwayon abin da suka gani. An hana kallon da ake yi a gaban iyaye da mai bayani, an bar wanda ake yi a ɓoye. Na tabbata Yaya ba zai zauna yana tsaki ba, takalmansa zai saka.

Ni na saka nawa. Zuwa da kai ya fi aike, don haka na je wurin mai unguwa da kaina na roƙi a dawo da majigin, ya ce na yi haƙuri. Na koma, ya ce zai yi shawara. Na ci gaba da komawa har 'yan ƙofarsa suka fara ce mini "Malama Majigi". Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma ban daina ba.

Zuwan ƙarshe na tafi da Nura. Yanzu magidanci ne, kafinta, kuma tun bayan abin da ya same shi ya je ya koyi iyo, yana koya wa yara a ƙarshen mako. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malama, Habibu ya tafi. In an sa yadin, wa zai riƙe lasifikar?"

Nura ya ce, "Ni, Baba. Ni na sha ruwan, ni zan faɗa musu ɗanɗanonsa."

Dattijon ya ƙare wa Nura kallo. Sannan ya ce an ba mu bana, a gani. In aka sami matsala, shi ke nan har abada.

Yaya Habibu bai bar gida ba, bai bar gona ba, na'urarsa ma ta lalace, aro za mu yi. Abin da ya bari shi ne ɗabi'ar tara mutane su kalli duniya tare, babba kusa da yaro, a yi tambaya a yi dariya a sami amsa. Wannan nake ƙoƙarin kada ya bi shi kabari. Inna Yalwa ma ta rasu ba ta ga igiyarta ba, Allah ya gafarta musu baki ɗaya.

Faifan samarin teku shi za mu fara sawa. Yadin na wanke shi, na goge. Nura ya zo da guduma zai canza ƙusoshin, ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malama, a bar su. Za su ɗauki yadin."