Anti Babu da Littattafan Haya

A jami'ar ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Anti Babu kowa ya sani, daga farfesoshi har masu shara. Ita ce mai kula da sayen littattafai a laburare, kuma duk wanda ya hau bene ya tura ƙofarta da buƙatar sashensa, amsa ɗaya yake sauka da ita: "Babu kuɗi."

Ba rowa ba ce. Ta shigo aikin da ƙuruciyarta, zamanin da kwalaye ke isowa har a rasa wurin taka ƙafa, takan shinshina sabon littafi kafin ta buga masa hatimi. Sannu a hankali kason laburare ya yi ta tsukewa, farashin mujallun bincike kuwa kullum sama yake yi. Aikinta ya koma yanka: bana a daina biyan mujallar masu lissafi, baɗi ta masu noma. Wani farfesa ya taɓa ce mata a bainar jama'a, "Tsakanin ke da gara, ban san wanda ya fi cinye ɗakin karatun nan ba." Ta haɗiye. A gida ma mijinta, tsohon direba, yakan tsokane ta da safe: "Kada dai ki ce mini shayin ma babu."

Abu ɗaya ta riƙe gam, mujallun ɗaliban likitanci. Takan tsakuro daga kuɗin ɗinkin littattafai, ta jinkirta sayen kujeru, ta yi ta zarya ofishin ma'aji har sakatarensa ya daina ɗaga kai in ta shigo. A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya ma da kyar ta haɗa abin sabunta su. Sai ga labari cewa masu tantance kwasa-kwasai suna tafe.

Shugaban laburare ya kira ta, ya rufe ƙofa.

"Kantocinmu sun yi fayau, Anti. In baƙin nan suka gan su haka, sashen likitanci ya tafi. Na yi magana da wani dillali, zai ba mu hayar littattafai har su gama."

"Haya, ranka ya daɗe? Kamar kujerun taro?"

"Da kuɗin mujallun za a biya. Abin da ya rage a yi fenti."

"To ɗaliban fa? Me za su karanta bayan an tafi?"

"In aka rufe sashen, wa zai karanta mujallun naki?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ta sa hannu.

Da kanta ta jera littattafan, sababbi fil, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Dillali ya kafa sharaɗi: ba hatimi, ba lanƙwasa shafi. Kafin a ce kwabo labari ya zaga, ɗalibai suka cika zauren har ana zama a ƙasa. Wata 'yar ajin ƙarshe ta zo tebur rungume da wani ƙaton littafin cututtukan yara.

"Anti, wannan ne malaminmu ke ta ambata. Zan iya ara?"

"Ba na aro ba ne."

"To mako mai zuwa sai in dawo in ƙarasa."

Anti Babu ta girgiza kai. "Karanta shi yau, 'yata. Duk abin da kanki zai ɗauka, ɗauke shi yau."

Baƙi suka zo, suka shafa kantoci, suka yaba. Babbansu ya tambaye ta ko kason laburare na fitowa a kan lokaci. Shugaba na tsaye a gefe yana murmushi. Ta ce, "Muna dai ƙoƙari."

Ran da motar dillali ta dawo kwasa, aka ga an ja layi da fensir a littafin cututtukan yaran. Dillali ya tayar da jijiyar wuya, Shugaba ya ce shi kam ba ruwansa. Anti Babu ta biya kuɗin littafin daga albashinta, ta koma ofis ta ɗauko hatimi ta buga masa da ƙarfi har tebur ya amsa. Shi kaɗai ne littafin da ya shiga laburaren a shekarar.

Sashen likitanci ya tsallake. Mujallu suka yanke, malaman sashen suka rubuta ƙorafi, kuma sunanta ne a ciki, ba na kowa ba. A walimar sallamarta aka ba ta agogon bango, Shugaba ya tashi ya ce jami'a ba ta taɓa samun mai tattali irinta ba. Aka tafa.

Yanzu tana gida tana renon jikoki. In hanya ta bi da su ta ƙofar jami'ar, sai ta ce wa mijin, "Malam, zaga ta baya." Shi kuwa, duk tsokanarsa, bai taɓa tambayarta dalili ba.