Ruwan da ya ƙi tsayawa

A Yelwa ba mai kiransa Surajo sai mahaifiyarsa. Kowa Dogo Kar-ka-motsa ya sani, mai ɗaukar hoton fasfo a bakin kasuwa. Shekara ashirin da bakwai yana rataya farin ƙyalle a bango, yana gyara wa masunta zaman hula, yana lallashin tsofaffi masu tsoron walƙiyar kyamara. Kafin ya latsa, magana ɗaya ce: "Kar ka motsa!" Manya da ƙanana sun bi wannan umarni. Ruwa ne ya fara ƙi.

Mahaifiyarsa, Inna Barira, ta tashi a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, inda wani rafi ke faɗowa daga kan dutse da damina kafin ya gangara tafkin Kainji. Can ta yi wanki tun tana yarinya. Yanzu ƙafa ta ƙi, yanar ido kuma ta fara rufe mata gani. Wata safiya tana shan kunu ta ce, "Surajo, ka ɗauki fuskar duniya duka. Ɗauko mini ruwan garinmu in gani tun idon ga bai ƙare ba."

Ya hau babur ya tafi. Ya ɗauki ruwan yadda yake ɗaukar fuska, ƙyas, cikin ƙiftawar ido. Da ya wanko hoton, Inna ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa. Kowane ɗigo ya sandare a iska kamar fasasshen gilashi.

"Wanga ruwa ya mace," in ji ta. "Namu tafiya yakai."

Maganar ta soke shi, amma bai yi musu ba. Mutumin da ya haura hamsin ya koma ɗan koyo. Ya tambayi na ƙasa da shi, ya duba a waya, har ya gane cewa sai an bar idon kyamara a buɗe kamar daƙiƙa guda ruwa ke zana tafiyarsa. Zuwa na biyu da tsakar rana ya yi, haske ya cika kyamarar, hoton ya fito fari fat kamar ƙyallen shagonsa. A na uku ruwan ya gudana, amma dutse da itatuwa su ma suka bi shi, domin hannunsa na rawa. Ga damina tana haɗa kayanta. In rafin ya janye, sai baɗi, kuma ba wanda ya san abin da idon Inna zai gani baɗi.

Wani dattijo manomi, Ishaya, wanda gonar dawarsa ke bakin rafin, ya jingina da fartanya yana kallonsa.

"Malam Dogo, jiya na ji kana ce wa ruwa kar ya motsa."

"Bakina ne ya saba, Baba Ishaya."

"To shi dai tun zamanin kakana bai tsaya wa kowa ba. Kai nake gani kana kaɗawa kamar karan dawa."

Dogo ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya masa. Ya dubi hannuwansa. Bai taɓa mallakar ƙafar ɗora kyamara ba, hoton fasfo bai taɓa nema ba.

Ishaya ya aro turmin matarsa. Suka kife shi a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, suka aza ƙunshin gero a sama, kyamara ta zauna a ciki daram. Kwana biyu Dogo ya yi a ƙauyen yana jiran gajimare. A rana ta uku aka yi yayyafi da safe, sama ta lulluɓe, duwatsu suka yi baƙi suna sheƙi. Ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, ya ja da baya, ya cusa hannuwa a aljihu, ya riƙe numfashi.

"Kar ka motsa!" Ishaya ya daka masa tsawa daga bayan dawa.

A hoton, dutse ya tsaya cak, kowane ganye a wurinsa, ruwan kuwa yana saukowa fari, da laushi, kamar auduga a hannun mai kaɗi.

Ya wanko shi babba, ya kai wa Inna a tsakar gida inda haske ya fi yawa. Ta matso da shi, ta nisanta, ta sake matsowa.

"Inna, ya yi?"

"Yi shiru mana, ina jin ƙaratai."

Ta bi ruwan da yatsa daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan wani dutse na gefen hagu.

"Nan nika aza tulu. Amma akwai ƙirya nan wurin. Wa ya sare ta?"

"Sai na tambayi Baba Ishaya."

"Tambaye shi. Kuma ka rataya mini wanga inda nika zama da hantsi."

Dogo ya tashi neman ƙusa.