Ƙorai Masu Jan Zare

Lokacin da nake koyarwa a wata lekol a Madawa, ƙanwata, ɗiyar baffana, ta dawo daga Yamai inda ta yi karatun zane. Ni a zatona mai zane hoton mutane yake yi, ko ya ƙawata allon shago. Sai ta ce mini tana son shirya nuni a kan matan da ake duka a gidajensu, in raka ta wurin waɗanda na sani.

Na tambaye ta ko fuskokinsu za ta zana.

Ta ce, "Yaya, in na zana fuska, kowa tsayawa zai yi neman ta wa ce. Ƙwarya nike so."

Ban gane ba, amma na bi ta don in ga ƙarshen abin. Mun shiga gidaje a Madawa, mun hau kabu-kabu har Galma, mun kai Allakaye wurin wata goggonmu. Ba ta tambayar kowa ko ana dukanta. Cewa kawai take, in akwai ƙwaryar da ta fashe ranar rigima, a ba ta. Na yi mamakin yadda mata ke ajiye irin wannan. Wata ta zaro tata daga ƙarƙashin gado, wata daga bayan rumbu. Wata kuwa korar mu ta yi, ta ce mu je mu nemi aikin yi.

A tsakar gidana ta yi aikin. Takan huda gefen tsaguwar da basilla, ta ɗinka da jan zare, amma ba ta jan zaren har baki ya haɗu. Na ce, "Wannan ai ko gari ba ta riƙewa." Ta ce ba don gari take ɗinki ba.

Ranar nunin ta rataye ƙoran da igiya a wani ɗaki na gidan matasa, daidai tsayin fuskar mutum, ba suna, ba rubutu. A bakin ƙofa take gaya wa mai shiga inda suka fito. Wasu samari suka yi dariya suka fice. Mata kuwa a hankali suke ratsawa, in kafaɗa ta taɓa ɗaya sai ta bugi ta kusa da ita, a ji ƙwal. Ni fuskokin mutane nake kallo.

Sai ga wani magidanci, direban kamiyon, babbar motar ɗaukar albasa. Ya tsaya gaban wata ƙwarya mai zanen wuta, ya daɗe.

Ya ce, "Wagga ta gidana ce. Innata ta ba matata ita ranar suna. Wa ya ba ki?"

Ƙanwata ta ce, "Malam, ba ni faɗi."

Ya sa yatsa cikin tsaguwar, ya bi ta har ƙasa, ya juya ya fita.

Na juya wurin ƙanwata. Na ce mata, "Kin ga abin da kika jawo wa baiwar Allah?" Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa namiji zai shaida ƙwarya ba.

Da sassafe muka tafi gidan direban. Muka iske matar tana wanki, lafiya lau. Ta ce mijin ya dawo ya zauna, sai da ya gama cin tuwo ya tambaye ta don mi ta ajiye fasasshiyar ƙwarya. Ta ce masa don kar ta manta. Da asuba ya yi lodi ya kama hanya.

Ƙanwata ta ce, "Ki gafarce ni. Yau zan sauke ta."

Matar ta matse rigar da ke hannunta, ta ce, "A'a. Ki maida ta kusa da ƙofar ɗakin nunin."

Haka aka yi. Ƙanwata ta koma wurin sauran matan ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa musu abin da ya faru. Wasu suka karɓi nasu, wasu suka ce a bari. Ko direban ya daina dukan matarsa, ban sani ba, domin damina na wucewa aka maida ni Keita. Na so in tambayi matar kafin in tashi, na je har ƙofar gidan, sai na iske kamiyon tsaye a waje, na wuce.