Shanya a Hanyar Masu Gudu

Shekarar da aka fara shirya gudun yada ƙanin wani a Funtuwa, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, wanda ke bakin kwalta in ka miƙi hanyar Malumfashi. Ni dai ba ruwana da gudu, in ban da autata. Yarinyar nan tun tana ƙarama ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. In an aike ta gona da abinci, sai ta kai ta dawo tuwon da ta bari a kwano bai huce ba. Da ta gama sakandare ma ba ta daina ba, kullum da sassafe tana zagaye gonaki a guje, mutane suna tare ni suna tambaya ko lafiya. Nakan ce lafiya lau, Legas take son zuwa.

Gaskiya kuwa na faɗa. Akwai babban gudun da ake yi a Legas, wanda take kallo a waya har ta haddace titunan da ake bi. Masu shirya namu sun yi alkawarin ɗaukar nauyin matan da suka zo a sahun gaba zuwa can. Amma da sharaɗi. Za a turo mai sa ido, in kuwa aka samu matsala a hanya, wani ya ji ciwo saboda sakacinmu ko aka karkatar da masu gudu, to, sakamakon ya tashi a banza. Shi ya sa da aka nemi masu taimako na miƙa kaina. Aka ba ni riga mai ƙyalli da usur, aka ce hanyar da ta ratsa ƙauyenmu tana wuyana.

Shugaban kwamitin wani Alhaji ne da ya taɓa ganin gudun Legas da idonsa, kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Duk abin da ya gani can so yake ya kawo mana. Aka kafa rumfunan ruwa a hanya, aka samo motar asibiti da za ta bi masu gudu a baya, aka sa 'yan sanda da 'yan sintiri a kowace mahaɗa. Babban abin dai shi ne rufe hanya. Aka bi dagatai da masu unguwanni, aka yi shela a kasuwa, aka faɗa a masallatai, mu ma fasto ya faɗa mana a coci: ran Asabar daga asuba har rana ta take, ba mota, ba babur, ba keke a kan kwalta. Ni da ƙafata na bi gida gida ina maimaitawa, mata suna ta cewa, “Kai, madalla! Allah ya yi musu albarka.” Har na yi mamakin irin murnar da suka yi.

A Funtuwa muka kwana, gidan ƙanwata. Da safe na maƙala wa yarinya lambarta a ƙirji, na yi mata addu'a, na hau babur ɗin kwamiti. Muka riƙa tsayawa a rumfunan ruwa muna sauke kaya, kafin mu gama rana ta fito sosai, aka bugo waya aka ce an daɗe da sallamar masu gudu. Muna karyo kwanar ƙauyenmu mai babur ya taka birki ya ce, “Malama, ina hanyar?”

Babu hanya. Shanya ce! Daga bakin makaranta har gangaren gada, kwaltar nan ta ɓace. Masara rawaya, barkono ja wur a kan tamfol, kuɓewa a kan tabarmi, ga mata zaune gefe da sandunan korar awaki suna hira, hankalinsu kwance. Lokacin kaka ne, kuma a wajenmu ba inda ya kai kwalta busar da amfanin gona, don ba ƙasa ba tsakuwa, ga riƙe zafi. Kullum ɗan gefe ake samu, ana raɓe-raɓe da manyan motoci. Yau kuwa an yi shela ba mota, ai sai kowace ta kwaso abin da ke ɗakinta ta baza har tsakiyar titi.

Ina da zuciya, kowa a makaranta ya sani. Na diro daga babur ina busa usur ina ihu: “Wa ya ce ku yi wannan? Mutane ne za su bi nan a guje!”

Wata ta ɗago ta ce, “To, Malama, ai ke kika ce ba mota. Masu gudu kuwa ba ƙafa gare su ba? Sai su raɓa ta gefe.”

Na juya na duba. Gefen duk ƙaya ne da ramuka, ga mai sa ido yana tafe a mota gaban masu gudu. Na tuna duk safiyar da yarinyar nan ta tashi ta zagaye gonaki, sai kawai na ji hawaye. Ni da na zo faɗa, ga ni ina kuka a tsakiyar masara.

Hajiya ce ta taso. Maƙwabciyarmu ce, ƙawar marigayiya surukata, ita ta yi wa autar nan wankan farko da aka haife ta. Ta dafa sandarta ta ce, “Ke, 'yar nan, share hawayenki ki yi mana bayani. Ƙawata tana cikin masu gudun ne?” Haka take kiran yarinyar. Na ce tana ciki, na gaya mata zancen Legas da sharaɗin da aka gindaya. Ta juya ga mata ta ɗaga murya: “Kun ji fa, yarinyarmu ce ke tafe. A kwashe!”

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Masu barkono suka kama bakin tamfol suka ja gefe, muna ta atishawa. Masu masara suka sa faifai da tsintsiya suna turawa, mazan da ke kusa suka kawo buhuna, har mai babur ya tuɓe hularsa ya shiga ciki. Hanya ta fara buɗewa ta tsakiya, daga makaranta muna gangarowa.

Muka iso gangaren gada, sai na ja na tsaya. Waken suya ne a baje a kan kwalta tsirara, ba tamfol ba tabarma, daidai inda masu gudu za su sauko da ƙarfi. Wanda ya taɓa taka waken suya a kan siminti ya san abin da nake nufi, ƙafa ce take tafiya ta bar mutum. Kuma na Hajiya ne, duk abin da gonarta ta ba ta a bana. Muna fara tarawa sai wayata ta yi ƙara, mai rumfar ruwan da ke kafin mu ya ce na gaba sun wuce shi.

Na ce a kawo buhu maza. Hajiya ta dubi yawan waken, ta dubi kwana, ta karɓe tsintsiya daga hannun wata ta fara share shi cikin lambatun gefen titi, wanda ke cike da yashi.

Na riƙe hannunta na ce, “Hajiya, wakenki ne fa na shekara!”

Ta ce, “Na fi ki sani, ni na shanya shi. Matsa mini.”

Sai sauran mata suka sa tsintsiya su ma. Muka bi bayansu a durƙushe muna tsince ƙwayoyin da suka maƙale a tsagar kwalta. Muna miƙewa motar mai sa ido ta karyo kwana. Abin da ya tarar shi ne titi fes, mata sun jeru hagu da dama da sandunansu. Su shanyarsu suke gadi, amma ranar ko kaza ba ta tsallaka hanya ba.

Maza suka fara wucewa, ana ta yi musu sannu. Can sai na hango autata, ita da wata doguwa kafaɗa da kafaɗa. Mata suka ɓarke da guɗa, ni kuwa na kama busa usur ba dalili har kunnena ya toshe. Ta sauko gangaren nan a guje, daidai inda waken yake ɗazu, ƙafarta ba ta ko gurɗe ba. Ba ta waiwayo ba, na kuma ji daɗin hakan.

Ta biyu ta zo a mata. Da yamma motar kwamiti ta sauke ta a bakin gada, lambar tana ƙirjinta, ta tarar da mu cikin lambatu da rariya muna tankaɗe yashi. Aka ba ta labari. Sai ta cire takalmanta ta shigo ta durƙusa kusa da Hajiya, ta fara ɗibar yashi da hannu.

Hajiya ta ce, “Ke, tashi ki ba ni wuri! Ƙafafun nan na Legas ne, kar ki ɓata mana su.”

Ta ƙi tashi. Har rana ta faɗi muna nan, muka ceto mafi yawan waken, sauran ya nutse a yashi muka haƙura.

Ta je Legas, ta gama gudun lafiya, ta dawo tana ba mu labarin jama'a da tituna masu faɗi. Shekarar da ta biyo baya da aka zo shela, bayan ba mota ba babur sai da aka ƙara da “ba shanya”, kasuwa ta kwashe da dariya. Waken da muka bari a lambatu kuwa, da damina ta sauka sai ya tsiro, kore shar tun daga gangare har gada. Hajiya ta kafa kujerarta a wurin da sandarta, ta hana awaki zuwa kusa. Wanda duk ya tambaya sai ta ce gonar ƙawarta mai gudu ce.